Sai da na je kotu kafin yarana suka dawo hannuna

Takardar sakina daga cikin littafin makarantar ɗana aka yago ta, irin mai layi-layin nan na 'yan firamare, har da wani lissafi da ya fara a bayan shafin bai gama ba. Layi biyu ne kacal, saki ɗaya, sai sa hannu. A 2020 ne, ana fitowa daga kullen korona, kuma duk wanda ya zauna a Zariya lokacin ya san yadda aka ji jiki, tun ƙarshen Maris aka rufe mu, kasuwar Sabon Gari inda baban yara yake da rumfa ba ciniki, namijin da ya saba fita tun safe ya dawo yana yini a ɗaki ba ko sisi, toh duk abin da ake dannewa da can sai ya taso. Ba zan tsaya faɗin wa ya yi laifi ba, ni ma ina da nawa bakin. Maganar yara ce ta sa na ɗauki waya nake wannan dogon rubutun.

Uku ne. Babban lokacin shekararsa 7, mai bi masa mace 5, sai ta goye wata 11. Yammacin da aka miƙo min takardar na saɓa ta goye na tari keke napep daga Tudun Jukun zuwa gidanmu cikin gari, manyan suna wasa a maƙwabta na ce gobe Yaya ya zo ya ɗauko su. Kuskurena na farko kenan. Na biyu kuma fitar ita kanta, don daga baya aka karanta min farkon Suratu Ɗalaƙ inda Allah ya ce kar a fitar da mata daga gidajensu kuma kar su fita, a ɗakin miji ake idda, amma fisabilillahi mace nawa kuka gani ta zauna? Zuciya ce ke ɗibar mu, kuma in kin zauna ma a ce ba ki da zuciya. Da na zauna wataƙila da yaran ba su bar hannuna ba ko na kwana ɗaya.

Da safe Yaya ya je ya tarar da kwaɗo a ƙofa, an riga an kwashe su zuwa Muciya wajen Hajiya mahaifiyarsa. Da Inna ta aika a tambaya, amsar da ta dawo ita ce ɗa na ubansa ne, mace ba ta tafiya da 'ya'yan mutane, ta goyen ma aro aka ba ni saboda nono, ranar da na yaye ta in kawo musu abarsu. Abin mamaki a gidanmu ma ba wanda ya ji baƙon abu a maganar, Goggo cewa ta yi ai haka muka taso muka gani, ita ma da aka sake ta da ƙuruciya biyu ta baro, ga su nan sun girma sun neme ta. A raina na ce sun neme ki bayan shekara nawa Goggo?

Babanmu ya rasu, Baffa ne waliyyina, shi kuma mutum ne mai gudun fitina, duk maganar da aka kai masa sai ya ce a bari a ga abin da Allah zai yi. Kome yake so a yi, shi ya sa ya hana a tada zancen yara wai kar a toshe hanyar sulhu. Iddata kuma ta yi tsawo don ina shayarwa jini bai dawo da wuri ba, kusan wata 7, bai mayar da ni ba bai kuma aiko da ko ƙwayar masara ba alhali cina da shana na wuyansa a lokacin. Da idda ta cika aka je da akori-kura aka kwaso kayan ɗakina, har da keken ɗinkina wanda shi ke riƙe da ni har yau. Sau biyu aka zauna a zauren mai unguwa, na farko bai zo ba, na biyu ya zo da ƙanin babansa aka yi ta a yi haƙuri a duba zumunci, aka tashi a kan duk ƙarshen wata in je in ga yara. In je in ga yaran da na haifa, kamar mai zuwa dubiya.

Na riƙa zuwa kuwa. Kuma gaskiya ɗaya ce, Hajiya ba muguwa ba ce, tana son jikokinta, sai dai tsohuwa ce ga ciwon suga ga ƙafa, gidan kuma cike da jama'a, in yaro ya ci ya ƙoshi shikenan an gama da shi. Wata Juma'a na shiga da 'yar ledata, awara da cincin, na tarar kitson da na yi wa yarinyar wancan watan shi ne dai a kanta ya tsufa ya yi buzu-buzu, ga makero ya fito mata a ƙeya. Ta cukwikwiye hijabina ta ƙi saki. Shi kuwa babban yana tsaye bayan ƙyaure, na miƙa masa ledar ya ƙi karɓa, Hajiya ta ce kai ba ka iya gaisuwa ba ne, ya ce ina wuni yana kallon ƙasa kamar baƙuwa ya gani. Sai da zan tafi ya biyo ni zaure ya ce, "Umma wai da gaske gudu kika yi kika bar mu?" Wallahi daga Muciya har Ƙofar Doka ban san yadda aka zo ba, sai da mai keken ya waiwayo ya ce Hajiya lafiya dai ko.

Abin da ya ƙarasa tunzura ni saƙon da ya zo ne ta goyen na dab da cika shekara 2, wai a shirya ta za a zo ɗauka. Ranar wajen malamar islamiyyarmu na nufa ina kuka, ita ce ta ɗauko Risala, littafin fiƙihu, ta buɗe min wajen ta ce karanta da kanki. A mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke hukunci da ita, bayan saki uwa ce ke da haƙƙin riƙon yara, hadana ake ce masa, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare, in uwar ta rasu ko ta yi wani auren sai riƙon ya koma ga kaka ta wajen uwa, bayanta sai yayar uwa ko ƙanwarta, ci da sha da sutura kuwa a kan uba suke ko a hannun wa yaran suke. Shekara da shekaru ina zuwa islamiyya, mun haddace farillan alwala da ƙabli da ba'adi, amma ba wanda ya taɓa kai mu wannan shafin. Na ce Malama toh me ya sa kowa ke cewa ɗa na uba ne? Ta ce nasaba tasa ce, walicci nasa ne, ciyarwa tasa ce, amma raino da kwana naki ne, al'ada ce ta tattara duka ta miƙa masa.

Da na ce zan kai ƙara Baffa ya ce ba da yawunsa ba, a zuri'armu ba a taɓa jin mace ta kai uban 'ya'yanta gaban alƙali ba, wa zai kwashe ki bayan wannan. Inna ce da ba ta cika magana ba ta ce, "Malam a bar ta ta je, in an ba ta Allah ne ya ba ta, in an hana ta sai ta dangana." Yaya ya raka ni.

Ga masu tsoron kotu irina, abin bai kai yadda nake zato ba, kuma ba dole sai da lauya ba. Ofishin rajistara za ki shiga ki faɗi ƙararki da baki da Hausarki, akawu ya rubuta, ki biya kuɗin shigar da ƙara da na sammaci a ba ki rasit, ki adana rasit ɗin nan da kyau, sai ki kwatanta wa ma'aikacin da zai kai sammacin inda zai samu mutumin. Abu biyu na nema, a ba ni riƙon yarana, a kuma yanka masa abin da zai riƙa bayarwa duk wata. Da akawun ya ce sunayen yara da shekarunsu sai na yi turus. Babban ɗan fari ne kuma sunan kakansa na wajen uba ya ci, tun da na haife shi sunan nan bai taɓa fita daga bakina ba, Babba nake ce masa ko in ce kai. Na waiga ina neman Yaya ya faɗa ashe ya fita amsa waya. Akawun ya ɗago ya ce baiwar Allah ba ki san sunan ɗanki ba ne? Haka na sunkuyar da kai na faɗa, a wani ofis mai ƙura da tulin fayil ɗaure da zare har saman durowa, karo na farko a shekara 8.

Zama 4 muka yi cikin kamar wata 3. Na farko bai zo ba aka ɗage. A bencin waje ne za ki gane ashe ba ke kaɗai ba ce, mata ne birjik, wata kuɗin ciyarwa, wata hul'i take nema, wata gadon marayu. Wata tsohuwa da ta rako 'yarta ce ta ba ni shawarar da ta fi komai yi min amfani, ta ce 'yata kar ki shiga ki ce za ki ba da tarihin aurenku, ba shi aka tambaye ki ba, abin da alƙali ya tambaya shi kaɗai za ki amsa, kuma kar ki katse mutumin ko ƙarya kika ji yana shararawa.

A zama na biyu ya zo da farar shadda da hula zanna, ya ce gidanmu ba wajen kwana, ina fita kasuwa sayen kayan ɗinki wa zai kula da su, kuma ni na fita da ƙafata na bar su. Harshena har ƙaiƙayi yake amma na tuna tsohuwar nan na yi gum. Alƙali ya tambaye shi ko na yi aure, ya ce a'a. Ko yana da shaidar ba ni da hankali, ko ba ni da amana, ko ina da wata cuta da za ta cutar da yaran, ya ce shi dai bai ce ba, amma Allah ya gafarta Malam ai 'ya'yana ne. Alƙalin ya ce ba wanda ya ce ba naka ba ne, shi ya sa ma kai za ka ciyar da su. Sai da wasu a baya suka yi dariya aka tsawatar. An ba mu sati 2 mu je mu sasanta a gida, ba a sasanta ba, a zama na uku na kawo maƙwabtanmu biyu suka ba da shaidar halina da inda nake zaune. A na ƙarshe aka yi mana i'izari, wato aka tambayi kowa ko da sauran magana ko hujja, sannan aka yanke. Riƙo nawa ne su uku. Na nemi 40,000 a wata, ya rantse kasuwa ta mutu 10,000 zai iya, aka tsaya a 20,000 ban da kuɗin makaranta da magani da kayan Sallah, kuma ba ni da ikon hana shi ganinsu ko sa ido a tarbiyyarsu. Aka ce wanda bai gamsu ba yana da kwana 30 ya ɗaukaka ƙara. Bai ɗaukaka ba. Kwafin hukuncin kam sai da na yi sawu uku kafin na same shi, amma kar ki yarda ki bar shi, ki yi fotokwafi ki ajiye ɗaya wajen wani.

Ni a zatona nan ne ƙarshen wahala.

Ranar da Yaya ya je ɗauko su Hajiya kuka ta yi ta ce na tozarta mata ɗa a bainar jama'a, sai da aka shekara ba ta amsa gaisuwata. Kayansu duka a buhun Bakko guda. Ɗaki ɗaya aka ba mu a gida, mu huɗu da keken ɗinki. Yarinyar da ta daina fitsarin kwance tun tana shekara 3 ta dawo da shi sabo fil, kullum kafin asuba nake fitar da shimfiɗa in shanya a bayan ɗaki kar matar Yaya ta gani. Babba kuwa ya fi sati biyu ba ya cin abinci sai na fita daga ɗakin, kuma in zan je ko da shagon bakin layi ne sai na waiga in gan shi a ƙofar gida yana leƙen ko zan dawo.

Sai maganar kuɗi. Wata 5 na farko yana kaiwa kotu ina zuwa in sa hannu in karɓa. Sai ya yi amarya. Daga nan wata ya zo wata bai zo ba, wani lokaci 12,000, wani lokaci 'yan mudun shinkafa a madadin kuɗi. Kina da damar komawa a sake aika masa sammaci, na koma sau ɗaya ya biya wata 2 cikin 4 ya roƙi a yi masa sassauci, amma duk zuwa kotu yini guda ne ba ki taka keke ba ga kuɗin mota, in kika lissafa sai ki ga wani zubin wahalar ta fi kuɗin. Farkon 2023 da aka canja takardun naira in ma ya turo ta banki sai mai POS ya yanki nasa mai tsoka kafin ki ga tsabar, ba mu gama farfaɗowa ba ranar 29 ga Mayu Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, litar da ba ta kai 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, komai na kasuwa ya bi ta. 20,000 ɗin da aka yanka a 2021 ta dawo ko sati biyu ba ta kai mu.

A nan ne na yi abin da har yau in na tuna nake jin kunya. Na gaji da kiran waya ba a ɗauka sai na fara aiken Babba. Ranar Asabar in ba shi kuɗin mota in ce je rumfar Abbanku ka ce za a koro ku kuɗin makaranta, ka ce takalmin ƙanwarka ya yage, har koya masa nake yadda zai marairaice. Sau uku a jere yana dawowa ya ce Abba ba ya nan. Sai wani maƙwabcinmu da ke saye da sayarwa a can ya ce wa Inna, wai me yaron nan yake yi a masallacin bakin kasuwa duk Asabar shi kaɗai? Ashe tun zuwan farko uban ya ce masa a gaban abokan rumfa je ka ce wa uwarka ta koma kotun ta karɓa, aka yi dariya, shi kuma ya kasa kawo min wannan maganar ya kuma kasa komawa wajen uban, sai ya samu gefe ya zauna har a kira azahar ya yi salla ya kamo hanya. Canjin kuɗin motar ma cas yake kawo min. Yaro ɗan shekara 10. Da na tambaye shi da daddare bai yi kuka ba, cewa ya yi, "Umma in na faɗa miki za ki ji haushinsa, in na koma shi ma zai ji haushinki." Ni na yi kukan.

Washegari na kira uban da wayar Baffa don na san wannan ba zai ƙi ɗauka ba. Ban yi faɗa ba, inda ɗansa yake yini kawai na gaya masa. Ya yi shiru har na zata layin ya yanke, can ya ce shi ba da wata manufa ya faɗa ba. Daga ranar muka yi wani tsari da ba ya cikin takardar kotu, kuɗin makaranta kai tsaye yake turawa asusun makarantar, na asibiti in ɗauki hoton kati da rasit in tura masa ta WhatsApp ba doguwar gaisuwa ba ƙorafi, hatsi kuma ya aiko in kaka ta yi. Ba a sake ba yaro saƙo ba, ko na gaisuwa. Ni dai na lura da yawan mazanmu ba ciyar da yaran ke musu ciwo ba, ganin kuɗin ya shiga hannun matar da suka saka ne, gani suke da shi za ta yi kwalliyar zawarci. Abin da haushi, amma na daina ja da shi tunda ba a sake koro min yara ba. Giɓin da ya rage keke ke cikewa, in Sallah ta matso har ƙarfe 2 na dare ina kai da fitilar caji.

Gidan iyaye ma ba kamar da ba ne in kin dawo da uku a bayanki. Faɗan yara kaɗan sai ki ji ɗan Yaya ya ce ai nan ba gidan ubanku ba ne, kuma yaro ɗan shekara 6 ba shi ya ƙago wannan ba, a ɗaki ya ji. Ban tanka ba, tukunya kawai na raba na sayi ɗan risho na, aka samu sauƙi. Tarbiyya kuma ta zama ciniki, in na tsawata sai a ce zan koma gidan Abba, can ma na ji in an tsawata sai a ce zan gaya wa Umma. Da farko lallashi nake don tsoron kar su zaɓe shi, har yarinyar ta fara raina ni tana murguɗa min baki. Ranar da ta sake faɗa na ce toh bari in kira shi, na kira kuwa a gabanta na sa a sifika, ya ce mata in ta zo ma wanke-wanken ne ke jiranta. Wannan ita ce rana ta farko da muka yi baki ɗaya ni da shi tun rabuwarmu, kuma ta yi aiki fiye da bulala.

Wani abin da ba wanda ya gaya min shi ne takardu. Takardun haihuwarsu na Hukumar Ƙidaya duk a akwatinsa na baro su. Da Babba zai shiga sakandare aka nemi ta haihuwa da ta shaidar ƙaramar hukuma, ita kuma wannan asalin uba take bi, su mutanen Soba ne duk da yaran a Zariya aka yanke musu cibi, sai da na yi sati 3 ina jira kafin ya samu sukunin zuwa. NIN ce dai aka yi musu da tawa, tunda yaron da bai kai 16 ba ana jingina shi da ta uwa ko ta uba. Duk wadda abin ya faɗa wa, ko zani ba ta ɗauka ba ta ɗauki takardun yara da katin rigakafi, in ba hali ta yi musu hoto a waya.

Ƙaramar Sallah a wajensa suke yi, shi ke kai su fada kallon hawa, babbar Sallah a wajena. Suna dawowa da labarin Anti, wato amaryar tasa, da jaririnta, me aka dafa, an sayi sabuwar firij, wlh bakina ƙaiƙayi yake in tambayi ƙari amma na hana kaina, don na ga abin da zama ɗan aike ya yi wa Babba, ba zan mai da ƙannensa 'yan leƙen asiri ba. Kuma gaskiya yarinyar nan ba ta cutar min da yara, da kitso mai kyau suke dawowa. Autar ce ma da ba ta taɓa ganinmu a inuwa ɗaya ba ta ce min wata rana, "Umma ke kin san Abbanmu?" Na ce na ɗan san shi. Da aka kwantar da Hajiya a asibitin Shika na dafa farfesu na kwashe su muka je, ta riƙe hannuna ba ta ce komai ba ni ma ban ce ba, tun daga nan take aiko min da kuka da daddawa.

Masu cewa ki yi aure ki huta ba su san lissafin da ke ciki ba. Hadisi ne, Annabi (SAW) ya ce wa matar da ta kawo ƙara ke kika fi cancanta da shi matuƙar ba ki yi aure ba. Duk ranar da na tare a gidan wani riƙon zai bar hannuna ya koma na Inna, Inna kuwa yanzu sai an kama ta take miƙewa, kuma na san a ranar uban zai taso. In ma ya bar min su, agololi za su zama, duk wanda ya taso a ƙasar nan ya san yadda ake kallon agola ko da mijin mutumin kirki ne, danginsa fa? Mutum biyu suka fito, ɗaya malamin makaranta ne a Samaru da har na ji ya kwanta min, ya ce autar kawai zai iya riƙewa manyan a mayar wa ubansu. Ban ga laifinsa ba, gaskiya ya faɗa tun kafin a yi nisa. Na ce ya ba ni lokaci, bai jira ba, kuma Baffa har yau bai daina yi min gorin wannan ba.

Babba ya shiga 13 yanzu. Kwanaki yana biya wa ƙannensa karatu bayan magariba na ji muryarsa ta fashe a tsakiyar aya, suka tuntsire da dariya, ni kuwa gabana ne ya faɗi, don na san abin da takardar nan ta ce, namiji har ya balaga. Uban ya fara cewa in an yi hutu ya riƙa zuwa rumfa yana koyon kasuwa, kuma wai akwai ɗakin zaure da ba kowa a ciki. Ban hana ba, ban kuma tambayi Babba ina yake so ba, shi ma bai ce komai ba. Jiya da daddare ya kawo min wandon makarantarsa ya ce ya ɗage masa ana yi masa dariya a aji, na ɗauko tef na durƙusa na auna shi, inci 3 ya ƙaru tun babbar Sallah. Na duba kalmasar akwai sauran yadi a ciki, na ce ya ajiye a kan keke da asuba zan warware in sake masa.